Ƙudan Fashi a Lambu da Alamomin da Ake Shaida Shi da Su

  

Iyayena masu noman lambu da ƙannena ɗalibai, maganar da aka nemi in yi muku a yau a kan wani ƙuda ce, wanda babu mai lambu a ƙasar nan, ko a fadamun Kano da Zariya yake aiki, ko a garake na Maraɗi da Damagaram, da bai taɓa wucewa ta gabansa ba, ko da kuwa bai tsaya ya ƙare masa kallo ba. Shi ne dogon ƙudan nan mai gashi a fuska, wanda kan zauna tsit a kan tsinin karan darni, ko a kan busasshen hoge a bakin kwami, lokacin da rana ta take, har sai wani ƙwaro ya gitta ta samansa, sa'an nan ya zabura da ƙugi, ya cafke shi a cikin iska, ya komo da shi mazauninsa ya zauna yana tsotsa. Masana halittu suna kiran zuriyarsa Asilidae, ni kuwa a wannan zama zan riƙa ce masa ƙudan fashi. Muradina shi ne mu tashi daga nan kowa yana iya shaida shi bisa hujja, domin akasarin waɗanda suka lura da shi sukan ɗauke shi rina, ko zanzaro, ko ƙudan da ke cizon shanu, su gama da shi da tafi ko da maganin feshi tun kafin su san ko mene ne, wannan kuwa gaggawa ce da ba ta kamaci mai lambu ba.

Kada wani ya ga kamar tsayawa a kan ƙuda ɓata lokacin mai ilmi ne. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai surorin da aka sa wa sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, an kuma buga misali da ƙuda a cikin Suratul Hajji. Jahizu na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya cika shafuka masu yawa na Kitabul Hayawan da bayanin ƙwari da ɗabi'unsu, Damiri na Misira kuma, wanda ya rasu a 808, ya bi sahunsa da Hayatul Hayawan. Daga baya masanan Turai suka ɗauki aikin tsara halittu zuriya zuriya: Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa wa jinsin farko na waɗannan ƙudaje suna Asilus a 1758, Latreille na Faransa ya tara su a zuriya guda a 1802, a yau kuwa nau'in da aka sani aka ba suna ya haura 7,000, daga ƙanana waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 3 ba har zuwa manya masu kai wa santimita 5. Abin da ya fi shafarmu a cikin wannan shi ne, inda suka fi yawa da bambanta shi ne ƙasashe masu zafi da sarari da hasken rana, masu ciyawa da ƙaya da rairayi, watau irin ƙasar da Allah ya zaunar da mu a cikinta.

Kafin in shiga alamomi, akwai wata ƙa'ida da nake so in shimfiɗa, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Wanda duk ya yi karatun zaure ya san Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin nan na ƙasar Aljeriya na ƙarni na 10 bayan Hijira, saboda littafinsa na ibada da muke kira Ahalari. Waɗanda suka yi nisa kuma sun san yana da wani littafin a kan ilmin mantiƙi, wanda ake kira Sullamu. Masu wannan fanni sun koyar da cewa ba a ta'arifin abu da siffofin da kan zo su tafi, sai da siffofin da ba su rabuwa da zatinsa, waɗanda suka haɗa shi da danginsa, da waɗanda suka rarrabe shi da su. To, a sha'anin ƙwari, launi da girma da yawan gashin jiki suna cikin siffofin da ba a dogara da su, domin akwai ƙudan fashi toka-toka, akwai baƙi wuluk, akwai mai ratsin rawaya, akwai siriri akwai ƙato, alhali ƙirar kai da baki da fiffike ba ta sakewa a cikin zuriyar duka. Wanda ya bi launi zai ruɗe, kuma zan nuna muku nan gaba cewa akwai ƙudajen da ruɗin nan shi ne garkuwarsu.

Mas'alar da ake fara warwarewa ita ce, shin abin da ke gabanka ƙuda ne ko kuwa dangin zuma da rina? Hukuncin yana ga fiffike. Duk wani ƙuda na haƙiƙa, tun daga na gida har sauro har ƙudan tsando, fikafikansa biyu ne tak, a gurbin biyun baya kuwa sai wasu 'yan tsinkaye biyu masu kumburin kai kamar ashana, ɗaya a kowane gefe, a bayan gindin fiffike, waɗanda kan kaɗa tare da fikafikan su riƙa sanar da ƙudan duk wata karkata da jikinsa ya yi a cikin iska. Zuma da rina da zanzaro fikafikansu huɗu ne, sai dai da yake na gaba da na baya suna sarƙe da juna da wasu ƙananan ƙugiyoyi, ido yakan gan su tamkar biyu, saboda haka ƙidayar fiffike kaɗai takan yaudari mai koyo, abin da ya fi tabbas shi ne ya duba ta gefe ya nemi 'yan tsinkayen nan, waɗanda a ƙudan fashi sukan fito fili, sau da yawa da launi mai haske. Ƙahonnin rina dogaye ne masu gaɓoɓi da yawa, tana kuma da muƙamuƙai masu buɗewa gefe da gefe; ƙahonnin ƙudan fashi gajeru ne, gaɓa uku, galibi da ɗan tsinke a ƙarshe, ba shi kuwa da muƙamuƙin tauna. Mazari, wanda shi ma mafarauci ne a iska, fikafikansa huɗu a fili suke, ba ya shiga cikin shubuhar.

In an tabbatar ƙuda ne, sai a koma ga fuska, domin a nan ne zuriyar ta tara shaidunta. A tsaya daidai gabansa, a sunkuya har ido ya yi daidai da mazauninsa. Tsakanin gindin ƙahonni da baki za a ga gashi mai tauri, tsaye, yana fuskantar gaba, wanda ba laifi mu kira shi gashin baki. A wasu nau'o'in ya cika fuskar duka, fari ko rawaya ko baƙi, a wasu kuma 'yan ƙwarori ne jere a saman baki, amma da wuya a rasa shi ɗungum. Ra'ayin da ya rinjaya a wurin masana shi ne gashin nan kariya ne ga fuska da idanu, domin wanda sana'arsa ita ce rungumar fara mai shuri da ƙaya, ko rina mai neman inda za ta soka dafinta, lalle yana bukatar abin da zai tsaya tsakanin idonsa da ƙafafun abin da ya kama. Sa'an nan a ɗaga ido zuwa tsakar ka. Idanun nan biyu manya sun taso ta kowane gefe, tsakaninsu kuwa kan ya loma, ya yi kwari, a tsakiyar kwarin akwai ɗan tudu mai ɗauke da wasu ƙananan idanu uku. Wannan lomawa ta tsakar ka, in ta haɗu da gashin baki, shaida ce wadda ta kusa kai wa matsayin yaƙini, kuma ina roƙon ɗalibai su riƙe ta fiye da duk abin da zan faɗa a yau. A ƙara da cewa idanun ƙudan fashi ba su haɗuwa a saman kai, ko na namiji ko na mace, saɓanin ƙudaje da yawa waɗanda idanun mazansu kan manne da juna.

Ƙarƙashin gashin kuma ga bakin: gajere, mai kauri, mai tauri, yawanci baƙi mai sheƙi, yana duban ƙasa ko ɗan gaba. A cikinsa akwai wani tsini mai kaifi, da shi ne yake huda abin da ya kama, ba kuwa ko'ina yake sokawa ba, yakan nemi wuri mai laushi, ko dokin wuya, ko mahaɗar ƙirji da ciki, ko ido, ko ƙarƙashin ɓawon fiffike in ƙwaro mai sulke ne. Yawun da yake zubawa aiki biyu yake yi: akwai dafin da ke kashe jijiyoyi, wanda ke sa fara ta daina shuri cikin ɗan lokaci, akwai kuma sinadaran da ke narkar da naman ciki ya zama ruwa, sai ya zauna ya zuƙe a hankali, yana jujjuya gawar yana sake wurin huda, har ya bar ƙwanso fanko ya yar. Mai lambun da ya saba ganin busassun ƙwansunan ƙwari a ƙarƙashin wani tsinke guda, ba tare da yanar gizo a kusa ba, ya duba saman tsinken nan da hantsi.

Sauran jiki yana ƙarfafa shaidar ne kawai. Ƙirjin ya yi doro saboda tarin naman da ke kaɗa fikafikai, ƙafafun dogaye ne masu ƙarfi cike da ƙayoyi, cikin kuma a mafi yawansu dogo ne mai tsini, har yakan zarce fikafikan in an naɗe su a bisa baya. Wuyansa yana juyawa, kuma wanda ya yi haƙuri ya tsaya zai ga kan yana waiwaye da sauri duk sa'ad da wani abu ya gitta, ko da kuwa ɗan tsakuwa ne aka cilla. Game da ƙarfin ganinsa, wasu masana na Jami'ar Kambirij a Ingila sun buga sakamakon bincikensu a 2017 a kan wani ƙaramin nau'i na Amurka ta Arewa, Holcocephala fusca, wanda tsawonsa kimanin milimita 6 ne, suka nuna cewa ƙwayoyin da ke tsakiyar idonsa ta gaba sun fi sauran girma da kaifin gani, har yana hango ɗan mitsitsin ƙwaro daga nisan rabin mita, kuma in ya tashi ba ya bin bayan abin farautarsa, sai ya yanke ya nufi inda hanyoyinsu za su haɗu. Ni dai ban san abin da ya fi wannan cancantar tadabburi ba a cikin halittar da kanta bai kai ƙwayar gero ba.

Yanzu sai masu kama da shi, waɗanda ba za su ɗauke mu lokaci ba tun da mun riga mun riƙe ma'auni. Ƙudan da ke cizon shanu da dawaki, wanda ake kira bobuwa, jikinsa faffaɗa ne, kansa a cike yake ba kwari, fuskarsa ba gashin baki, matansa ne kuma ke shan jini. Akwai wasu ƙudaje masu laushin gashi da kan yi shawagi a kan furanni da dogon baki siriri, suna sauka da fikafikai a buɗe. Ruwan fure suke sha, ƙafafunsu sirara ne marasa ƙarfin riƙo. Akwai masu ratsin rawaya da baƙi da kan tsaya cak a cikin iska a kan kabewa ko albasa mai fure, waɗanda tsutsotsin wasunsu ke cin darɓa. Bakinsu mai laushi ne na lasa. Akwai kuma wata zuriya, Therevidae, mai tsananin kama da ƙaramin ƙudan fashi a tsawo da launi, wadda ke ruɗa har waɗanda suka daɗe a fannin in sun hango ta daga nesa, amma da an matso za a tarar tsakar kanta ba ta loma ba, bakinta kuma ba ya huda.

Shubuhar da ta fi kowace girma daga cikin gida take fitowa. Kowa a nan ya san ƙaton ƙudan zuman nan baƙi, mai ƙugi, wani da rawaya ko fari a gadon baya, wanda ke haƙa rami a busasshen itace, a jikin dirkar rumfa ko gora ko reshen da ya mutu. Masana suna kiran jinsinsa Xylocopa. To, a nahiyarmu ta Afirka akwai wani jinsin ƙudan fashi, Hyperechia, wanda ya bar sirantakar danginsa, ya yi faɗi da kauri, fikafikansa suka yi duhu, gashin jikinsa ya ɗauki irin launin wancan zuman, har ya zamana in suna zaune a itace guda sai an yi da gaske ake rarrabewa. Irin wannan kwaikwayo, inda marar dafin harbi ke sanye da kamannin mai harbi don tsuntsaye da ƙadangaru su ƙyale shi, Henry Walter Bates ne ya bayyana shi a 1862 bayan shekarun da ya yi a dazuzzukan Amazon. Amma sha'anin Hyperechia ya wuce neman tsira, domin Edward Poulton na Jami'ar Oksfod ya tattara bayanai a 1924 masu nuna cewa tsutsar wannan ƙuda a cikin itacen da zuman ya haƙa take rayuwa, tsutsar zuman take ci. Ga mai kamanni da maƙwabcinsa, ga shi kuma yana cin 'ya'yansa. Yaya za a gane shi? Da ƙa'idar nan da muka shimfiɗa: a manta da launi, a duba ƙahonni, gajeru ne ko dogaye masu gwiwa, a duba fuska, akwai gashin baki da tsini ko kuwa muƙamuƙai, a duba tsakar ka. A lura kuma da ɗabi'a, domin zuman yana bin furanni yana kwasar garinsu, ƙudan kuwa ba ruwansa da fure, a jikin itace yake zaune yana jira.

Bayan an tabbatar da zuriya, mai sha'awa yana iya ƙara taki ɗaya ya gane gida ko jinsi, a nan kuwa wurin zama da ƙananan alamomi suna taimako ƙwarai. Manyan nan masu launin toka ko ƙasa-ƙasa, masu ƙugi mai ƙarfi, da kan zauna a ƙasa tsirara ko a kan ganye mai faɗi su kama fara da zuma, da yawansu na jinsin Promachus ne ko makusantansa, mazan wasu nau'o'insa kuma suna da tuntun farin gashi a ƙarshen ciki, wanda ake hangowa tun daga nesa. Wanda aka gani a kan tsinin busasshen reshe, matsakaici, in aka duba ƙahonsa da madubin ƙara girma aka ga tsinken ƙarshe yana da 'yan gasu jere a jikinsa, to, galibi na gidan Ommatius ne, wannan kuwa alama ce mai sauƙi. A cikin doguwar ciyawa a gefen lambu akwai Leptogaster, siriri ƙwarai, mai dogayen ƙafafun baya masu kumburi, wanda ba ya farauta irin ta danginsa, sai ya riƙa tafiya a hankali tsakanin karare yana tsintar ƙananan ƙwarin da ke zaune. Gashin bakinsa kaɗan ne, har mai gaggawa ya ce babu. A kan rairayin bakin rafi, inda ake jan ruwan ban-ruwa, akwai ƙananan Stichopogon masu launin rairayin kansa, waɗanda ba a ganinsu sai sun motsa. Akwai Damalis mai faffaɗan kai da idanu ƙuru-ƙuru, ɗan'uwan wancan na Amurka da aka yi bincike a kansa. Akwai kuma gidan da ake ganewa da wata lanƙwasasshiyar ƙaya a ƙarshen ƙwaurin ƙafar gaba, Pegesimallus na cikinsu, masu kama da zanzaro. Jijiyoyin fiffike su ma hujja ne babba a wurin masana, musamman ko filin da ke bin gefen gaba na fiffiken ya rufe kafin ya kai baki ko kuwa a buɗe ya isa, sai dai wannan ba a ganinsa sosai sai a hoto mai kyau ko a samfurin da ke hannu.

Rarrabe namiji da mace a ƙarshen ciki ake yi. Na namiji yakan ƙare da ɗan kumburi mai kama-kama, na mace kuma ko dai ya ƙare da tsini mai sheƙi wanda take cusa ƙwai da shi a tsagar tsiro ko ƙasa, ko da zoben gajerun ƙayoyi da take tona rairayi da su. Tsinin nan shi ne mutane ke zato ƙari ne, alhali ƙudan fashi ba shi da abin harbi a bayansa ko kaɗan. Dukansu biyu mafarauta ne, mace kuma takan ci namijin da ya kusance ta ba a kan kari ba. In aka ga biyu manne ta baya, kowanne yana fuskantar nasa gefen, har suna tashi a haka, barbara ce. Tsutsotsinsu farare ne ko rawaya-rawaya, dogaye, suna zaune a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace, suna cin tsutsar ƙwari irin su gwazarma da ƙwan fara, in kuma lokacin fita ya yi sai su turo zuwa sama, ƙudan ya fashe ƙwanso ya tashi, ya bar ƙwanson mai ƙayoyi rabi a waje rabi a ƙasa.

A nan ne ya wajaba in ja hankalin ƙannena ɗalibai, musamman yanzu da kowa ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto, da manhajojin da kan ba ƙwaro suna cikin ƙiftawar ido. Ilmi daraja-daraja ne. Zuriya ana iya tabbatar da ita da ido a lambu. Jinsi sau da yawa ana iya kusantarsa da hoto mai kyau. Amma nau'i, watau suna na biyu a cikin sunayen nan na Latin, a mafi yawan ƙudajen fashi na Afirka ba a yanke shi sai an sa al'aurar namiji a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan halittu an gwada ta da samfuran da aka adana. Frank Hull ya wallafa babban littafinsa a kan ƙudajen fashi na duniya a 1962. Harold Oldroyd na gidan tarihin halittu na Landan ya yi shekaru yana tsara na Afirka. Jason Londt na gidan tarihi na Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu ya ƙarar da rayuwar aikinsa a kansu, shi da Torsten Dikow kuma suka rubuta babin wannan zuriya a cikin kundin ƙudajen Afirka da ya fito a 2017. Duk da haka har gobe ana samun nau'o'in da ba a taɓa ba suna ba. Wanda ya ce wannan ƙudan fashi ne, mai yiwuwa Promachus, ya tsaya a nan, ya faɗi gaskiya, kuma maganarsa tana da amfani ga mai bincike. Wanda ya liƙa cikakken sunan wani nau'i na Turai ko Amurka a kan ƙudan da ya ɗauka a Gwarzo don na'ura ta ce masa haka, ya shigar da kuskure cikin rijistar da wasu za su dogara da ita, gyaransa kuwa ya fi rubuta shi wuya.

Na san tambayar da ke zukatan iyayena masu lambu ita ce, mai amfani ne ko mai ɓarna? Adalci shi ne a ce ba ya zaɓe. Yana cin fara da ƙudan gida da ƙwarin da ke ɓata ganye, yana kuma cin ƙudan zuma da mazari da ƙwarin da mu ma muke so, har da 'yan'uwansa. A ƙasar Ajantina akwai wani nau'i, Mallophora ruficauda, da masu kiwon zuma ke kuka da shi saboda yawan zuman da yake kamawa a kusa da amya, alhali tsutsarsa a jikin tsutsar ƙwarin da ke cin saiwar amfanin gona take rayuwa har ta kashe ta. Halitta guda, ɓarna a sama, maslaha a ƙarƙashin ƙasa. A lambun kayan miya kuwa, a ganina, maslaharsa ta rinjayi ɓarnarsa nesa ba kusa ba, domin ba ya taɓa ganye ko 'ya'ya, ba ya shan jinin mutum ko dabba, ba ya sauka a kan abinci, kuma ba ya cizo sai an damƙe shi a hannu, in ya yi kuwa da zafi, saboda haka a gargaɗi yara. Wanda yake da amya ya ga wasu sun yi kaka-gida a bakinta, ya kama waɗannan da raga, ba sai ya yi feshi ba, domin maganin da zai kashe ƙudan shi zai fara kashe zuman. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne feshin nan na kowane mako da ya zama al'ada a fadamu, ko an ga ɓarna ko ba a gani ba, wanda ke share mafarauta tare da abin farautarsu. Masu cin ganye suna hayayyafa da sauri su dawo, mafarauci kuwa, wanda tsutsarsa kan daɗe a ƙasa kafin ta zama ƙuda, ba ya dawowa da wuri. Ɗan yankin ciyawa da aka bari a gefen lambu, da darnin kara, da guntun busasshen itace a kusurwa, sun ishe su mazauni.

Wanda yake son ya taimaka wa ilmin nan, hanya a buɗe take, domin abin da aka tattara daga ƙasashenmu kaɗan ne in an gwada da na kudancin nahiyar. A nemi ƙudan da hantsi zuwa azahar, a matso a hankali ta yadda inuwa ba za ta faɗa kansa ba. In ya tashi a tsaya, domin sau da yawa yakan komo mazauninsa na farko, kuma lokacin da yake cin abinci ya fi haƙuri da mai kallo. A ɗauki hoto ta gaba don fuska da tsakar ka, ta gefe don ƙahonni da ƙafafu da ƙarshen ciki, ta sama don jijiyoyin fiffike. In ana bukatar samfuri, ɗaya ko biyu sun isa: a kama da raga, a sa a kwalba a ajiye cikin firji mai ƙanƙara ya kwana, sa'an nan a soke shi da siririn fil ta ƙirji, in kuma an same shi da abin da ya kama a soke su a fil guda, domin sanin abincin kowane nau'i yana daga cikin abin da masana suka fi nema. A Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ma'ajiyar samfuran ƙwari da ɗalibi zai iya neman a gwada masa nasa. Kowane samfuri a rataya masa 'yar takarda a jikin fil ɗin, a rubuta da fensir sunan gari da unguwa, da ranar wata da shekara, da irin wurin da aka same shi, ko rairayi ne ko ciyawa ko itace, da sunan wanda ya kama. A ajiye a akwati mai rufuwa ruf, a sa kafur a kusurwa saboda kiyashi da ƙananan ƙwarin da ke cin busassun samfura, da damina kuma a riƙa buɗewa ana dubawa saboda hunhuna.